Ranar da Dada Za Ta Kalli Ɗanta

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Yau kwana ɗari cif. Saura wata guda in fita takaba. Wannan littafin na shirin darasi ne, na aji huɗu, rabinsa babu komai a ciki. Tunda ba makarantar nake zuwa ba, gara in cika shi da surutuna da in riƙa yi wa bango. Malam, mijina, yakan ce bakina ba ya zuwa hutun ƙarshen zango. To ga shi ya samu hutun dole.

Lubna ta zo ɗazu. Ɗalibata ce tun tana 'yar firamare mai majina a nan Kurfi, yanzu ta gama jami'a a Dutsin-Ma ta zama mai ɗaukar fim, irin wanda ba wasan kwaikwayo ba, dokumentari suke ce masa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaida Dada, sai kawai ta saki magana a tsakar gida don murna: fim ɗin iri ya fito. Ranar Asabar za a haska shi a babban ɗakin taro na Dutsin-Ma, bayan sati biyu kuma a talabijin.

Dada, mahaifiyar Malam, tana kan tabarma tana tsinkar zogale. Ta ce, "Wane fim?"

"Wanda muka ɗauki Baba Ashafa a gonarsa ta Rawayau, Dada, kakar bara waccan. Kan tsofaffin irin gero da dawa da yake tarawa."

Da jin sunan ɗanta, hannun Dada ya tsaya. "Shi mai gidan nan yana ciki?"

"Ai shi ne ma rabin fim ɗin."

"Yana motsi? Yana magana?"

"Har da dariya, Dada."

A nan ne yarinyar ta dube ni, ta ga irin kallon da nake mata, ta tuna. Akwai abin da ni da ita muka sani game da fim ɗin nan wanda Dada ba ta sani ba. Ba yau zan rubuta shi ba.

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

Dada ba ta da wata magana sai ta talabijin.

Wanda bai san gidan nan ba ba zai gane ba. Malam ɗan farinta ne, ita kuwa Bafulatana ce ta asali, kunyar ɗan fari a wurinta kamar salla take. Kakarsa ce ta goya shi. Shekara talatin da uku ina gidan nan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai “mai gidan nan”, ko “wancan”. In ya zo gaishe ta da safe daga bakin ƙofa yake tsugunawa, ita kuma ta juya tana amsa wa bango. Yana zaune a tsakar gida za ta kira ni ta ce, "Malama, mai gidan nan ya ci abinci kuwa?" In ce, "Dada, ga shi nan ai, tambaye shi." Ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido." Shi kuma ya yi ta ƙunshe dariya a hannun riga.

Yau da na kai mata koko ta riƙe min zane.

"Malama, in an sa mutum cikin talabijin, shi yana ganin mai kallonsa?"

Na ce a'a.

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Dada."

Ta ce, "Ranar da aka kawo gawarsa, ƙaninsa Manu ya ce kar a buɗe fuskar. Ban yi gardama ba. Shekara hamsin da takwas ban taɓa kallon yaron nan na ƙoshi ba. Tunda ba ya ganina, ai babu kunya. Zan kalle shi."

Na ce koko zai huce. Na fito na shige banɗaki na daɗe.

Alhamis, 8 ga Mayu, azahar

Zafi kamar a mutu. Hadari ya haɗu a gabas ya watse.

Na sake zazzage akwatinsa ko akwai hoto. Na san babu, na dai zazzage. Mutumin nan da ya ga an ɗaga waya sai ya tuna yana da uzuri a bayan gida. A hotunan bikin 'yarmu Surayya ƙeyarsa ce kawai ta fito, da kunne ɗaya. Katin aiki da na zaɓe suna aljihunsa ranar nan, tare da wayarsa. Ba su dawo ba.

Don iri kaɗai ya yarda ya zauna gaban kyamara. Kwalabensa suna nan jere a ɗakin baya, wake cikin toka, gero cikin yashi, kowace da sunan tsohon da ya ba shi. Zangon Malam Lado. Kaurar Inna Maimuna. Da hannunsa ya rubuta, wannan rubutun nasa mai kwanciya kamar gero bayan iska.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan asuba

Na yi ta ƙoƙarin in tuna muryarsa. Kalmomin suna zuwa, amma da muryata nake jin su.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Manu, ƙanin Malam, ya tafi Dutsin-Ma kallon fim ɗin. Ni takaba ta tsare ni, Dada kuma ba ta iya zaman mota. Karon farko ke nan da na gode wa takaba.

Ɗakin taro da kujeru da fanka, in ji Lubna. Mu a zamaninmu majigi ne. Motar ma'aikatar gona ta shigo Kurfi da la'asar, yara su bi ta da gudu, a rataya farin ƙyalle a bangon firamare. Ana sallame magariba filin ya cika, mata a gefe guda, masu gyaɗa da rake suna zagayawa. Ina da shekara sha bakwai aka kawo wani fim na yadda ake kare hatsi daga ƙwari. Ana farawa na'urar sauti ta mutu. Jama'a suka fara ihu, sai wani dogon malamin gona ya ɗauki lasifika daga bayan motar. Ga ƙwaro an nuno shi ƙato, ya cika bango, yana tafiya kan ƙwayar dawa, sai muka ji an ce, "Salamu alaikum, masu rumbu suna ciki? Baƙo ne daga nesa, kwana ɗaya kawai zan yi." Wayyo! Tsofaffi har da faɗuwa daga kan benci. Ya yi wa ƙwaron nan mata da 'ya'ya da surukai, har fim ya ƙare ba wanda ya tuna da na'ura.

Ban ga fuskarsa ba ranar, duhu ne. Muryar na bi. Na ce wa ƙawata ko mummuna ne na ji na gani. Da ya zo zance bayan shekara biyu na ce masa ya yi min maganar ƙwaro tukuna in tabbatar shi ne.

Ya yi kuwa, a zaure, a gaban ƙannena.

Asabar ɗin dai, gab da magariba

Manu ya dawo. Ya fara shiga wurin Dada. Ina jin ta tana tambaya, "Ya yi ƙiba ko ya rame?" Ya ce, "Kamar dai yadda kika san shi, Dada." Allah ya yi wa Manu albarka, bai iya ƙarya ba amma ya iya kewaye.

Da ya fito ya tsaya bakin ƙofata, bai shigo ba. Ya ce ɗaki ya cika, malaman jami'a sun yi ta tambaya wane ne wannan mutumin, ana fara rubutun ƙarshe kowa ya miƙe yana tafi. Sai ya rage murya.

"Yaya Rabi, kin san yadda aka yi da shi a ciki?"

"Na sani."

"To wa zai gaya mata?"

Na ce masa ya je ya yi alwala, an kusa kira.

Talata, 13 ga Mayu, bayan azahar

To bari in rubuta, tunda takarda ba ta harara.

Ranar da Lubna da abokin aikinta Mas'ud suka zo ɗauka, ina can gidan gona. Na ga sun nuna rumbuna uku a cike, sun nuna shanun Manu suna wucewa. Kowa ya san yadda ƙasar nan ta koma. Mutum ya fito a talabijin da rumbu uku, ai ya aika wa 'yan bindiga takardar gayyata ke nan. Na tsaya a gaban kyamarar nan na ce ko dai a rufe fuskarsa, a canza muryarsa, a sa masa wani suna, ko kuma su tattara su bar gonar. Malam ya ce, "Haba Rabi, wa ya damu da fuskata? Gero suka zo gani." Na ce to gero za su nuna.

Ban tsaya nan ba. Da suka gama haɗawa na sa Lubna ta zo har gidan nan da kwamfutarta, na tsaya a kanta kamar mai gadin jarrabawa, ta goge na asalin gaba ɗaya. Na sa ta kira Mas'ud a waya shi ma ya goge nasa, ya rantse. Har yabon kaina na yi ranar. Na ce wa Malam, "Wata rana za ka gode min."

Fim ɗin bai ma fito ba suka tare shi suka kashe shi. Ba su buƙaci talabijin ba. Hanya ce kawai, da ranar Asabar, da buhun iri a bayan babur.

Ni na sa aka rufe fuskar da uwarsa take jira.

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Na kira Lubna. Na ce ta duba ko'ina, ko da ɗan guntu ne. Ta ce, "Malama, ke kika ce in goge har kwandon sharar kwamfutar." Na ce na san abin da na ce, ba tuni na nema ba. Ta ce za ta je wurin masu gyaran kwamfuta, wai wani lokaci suna iya tono abin da aka goge.

Yarinyar da ko aikin gida ba ta taɓa yi daidai ba, sai wannan ne ta yi min shi ɗari bisa ɗari.

Juma'a, 16 ga Mayu, la'asar

Dada ta sa Manu ya kai tabarau ɗinta an ɗaure ƙafar da ta karye. Ta wanke shi da sabulu sau biyu. Ta ce in fito mata da zanenta mai ruwan bula wanda ta je Makka da shi, a shanya ya sha iska.

Na ce, "Dada, ba fa ganinki zai yi ba."

Ta ce, "Na sani. Ni zan gan shi."

Ta kuma ce ranar ba ta son kowa a ɗakin, ko maƙwabta ko jikoki. Daga ita sai ni, ni ma don in kunna ne. In na kunna in koma baya in zauna.

Litinin, 19 ga Mayu, hantsi

An yi yayyafi jiya. Ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗaki. Da yana nan da tun asuba ya fita ya tona da yatsa, ya dawo ya ce, "Ƙarya yake, wannan ba na shuka ba ne, na yaudarar masu gaggawa ne." Kalmomin ke nan daidai. Muryar ce dai babu.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan azahar

Lubna ta bugo. Masu gyara sun gwada, an riga an ɗora wasu ayyuka a kai, babu abin da ya saura. Tana ta ba ni haƙuri, ita da ba ta yi laifin komai ba. Na yi mata tsawa na ce ta daina kuka a kunnena. Daga baya na tura mata saƙo na ce Allah ya yi mata albarka.

Lahadi ƙarfe biyar za a sa fim ɗin a talabijin.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na je ɗakinta in faɗa mata. Na tarar tana gwada tabarau a kan kalandar bango. Na tambaye ta ko tana son kunun tsamiya.

Asabar, 24 ga Mayu, la'asar

Yau ma na je. Na dawo da kwanon da ta ci abinci.

Ni Rabi, da hedimasta uku suka yi ta kai ƙarata saboda baki. Ni ce na kasa haɗa jimla ɗaya a gaban tsohuwar da ba ta kai kafaɗata ba. Ina ta addu'a a ɗauke wuta gobe. Kullum ɗauke ta ake yi, ba sai an roƙa ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan magariba

Ba a ɗauke ba. Tun safe take nan, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ƙarfe huɗu Dada ta yi wanka, ta ɗaura zanen, ta sa turare. Ta zo falo ta zauna a ƙasa dab da talabijin, ta ce kujera ta yi nisa. Ni kuwa tun tana wanka na zagaya bayan akwatin na zare wayar eriya, na tura ta ƙarƙashin kabad. Allah na gani, na yi.

Na kunna. Sai shuuu, allo ya cika da tsaki-tsaki. Na yi ta danne-danne, ina buga gefen akwatin, ina zagin masu gidan talabijin da ba su ji ba ba su gani ba. Dada ta gyara tabarau ta ci gaba da kallon tsakin nan, ko zai washe.

Abin da ban lissafa ba shi ne katanga. Gidan su Jannat maƙwabtanmu sun ƙure sauti. Muna zaune sai ga wata murya ta ratso, mai kauri, kamar ana magana cikin randa, tana cewa wannan geron zango tun kakan kakanmu yake, ba ya tsoron fari. Na san maganar. Ina tsaye a wurin aka yi ta.

Dada ta karkata kunne ta ce, "Su Jannat mi suke kallo haka? Wani ƙato sai gurnani yake."

Na ce ban sani ba.

Awa guda ta yi a wurin. Da aka kira magariba ta cire tabarau ta naɗe shi a gefen zane, ta ce, "Allah bai nufa ba." Ta dafa bango ta tashi. Ta ce min sannu da ƙoƙari.

Sannu da ƙoƙari, ta ce min.

Litinin, 26 ga Mayu, da hantsi

Na faɗa mata. Duka, har wayar eriya.

Na tsuguna a bakin ƙofa, inda yake tsugunawa, na fara tun daga rumbuna uku. Ban yi kuka ba, ban nemi a tausaya min ba. Na ce tsoro ne ya sa ni, kuma tsoron bai hana komai ba. Na ce muryar da ta ji ta katanga jiya tasa ce.

Ta daɗe tana kallon tabarmarta. Sai ta ce, "Wanga ƙaton?"

Na ce e.

Ta juya ta fuskanci bango. Na jira, na jira. Na ce, "Dada, ki zage ni mana." Ko uffan.

Talata, 27 ga Mayu

Ba ta yi min magana ba. Koko ya dawo yadda na kai shi.

Laraba, 28 ga Mayu, azahar

Yau ma. Da Manu take aike, ina tsaye a wurin. "Ka ce wa matar gidan nan a rage gishiri." Shekara talatin da uku ina Malama, yau na koma matar gidan nan.

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi, wallahi. Na iya zagi, na san inda ake ajiye shi. Wannan shirun ne ban san yadda ake yi da shi ba. Kuma ina kewarta, ga ta gida ɗaya da ni. Duk duniya mu biyu ne muka san yadda gidan nan yake in ya yi sallama daga zaure.

Manu ya ce min ta aike shi Dutsin-Ma gobe ya ɗauko Lubna da na'urarta. Ta ce ko babu fuska a kawo mata.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Sai na rubuta kafin wani abu ya zube.

Lubna ta zo da kwamfuta wajen ƙarfe biyu, ta ɗora a kan turmi a ɗakin Dada. Dada ba ta sa zanen Makka ba, tabarau kawai. Ni na tsaya daga waje. Ba ta ce in shigo ba, ba ta ce in tafi ba, sai na zauna a dokin ƙofa.

Ga gonar. Ga marken nan na bakin iyaka, ga rumbunan. Sai ga shi zaune a kan kututture da farar rigarsa mai yagaggen aljihu, wadda na yi ta cewa ya bari in yi tsumma da ita. Hannuwansa na murza zangarniya. Wurin fuskar kuwa an dame shi, kamar an goga jiƙaƙƙen yatsa a kan rubutun alli. Ga muryar randa.

Dada ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta ce, "Tsai da shi."

Lubna ta tsayar.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗora yatsa a kafaɗarsa ta hagu. "Kin ga wagga ta fi waccan sauka?" Lubna ta ce e. Ni shekara talatin da uku na ɗauka haka Allah ya yi shi.

"Yana shekara huɗu ya faɗo daga kan jaki, a tsakar gida. Ina daka. Surukaina na zaune su uku. Yana kuka yana miƙo min hannu." Ta sauke yatsan. "Ban aje taɓarya ba. Har aka ɗauke shi aka kai wa mai ɗori ina daka. Aka yi ta yabona, wai ɗiyar mutunci."

Ta bi hannunsa da yatsa, ta bi gwiwa, har ƙafa. Ta ce yatsun ƙafar na ubansa ne. Ta ce, "Ni dama nan na sani. Daga wuya zuwa ƙasa, ta gefen ido. Saman ne nike so." Sai ta ce a ci gaba.

Muka kalla har ƙarshe. Sunaye suka fara hawa, Lubna ta kai hannu za ta rufe, Dada ta ce a bari, ai bai tafi ba. Gaskiya ne, a bayan rubutun ana ganinsa ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya juya baya ya nufi gidan gona. Kiɗa ya yi ƙasa. Sai na ji wata mata daga nesa tana ƙwala kira, da wata murya mai kaifi kamar ta mai tallan manja:

"Malam! Wai ba za ka sallami mutanen nan ba sai rana ta faɗi? Fura na tsami!"

Ni ce. Kafin in gama jin kunya sai ya yi dariya. Tasa. Ba ta randa ba, tasa, mai ɗan shaƙewa a ƙarshe. Ya ce, "Kun ji Gwamnati ta yi magana. Ku kashe, ku kashe, kar a kore ni daga aiki."

Haka yake kirana in yana son ya ja ni faɗa. Na manta. Wallahi na manta, sai da na ji.

Lubna ta dafe kai. "Innalillahi! Malama, ki yafe ni. Da ya juya baya ba mu rufe komai ba, Mas'ud ya manta da sautin wurin. Yau ɗin nan zan gyara."

Na ce, "Ki taɓa shi ki gani."

Ban san lokacin da na shigo ɗakin ba, na dai ga gwiwata tana gogar ta Dada. Dada ta ce, "Mai da shi baya." Aka mayar. Ta ce a ƙara. Tun ina ƙirgawa har na bari. Ba mu kalli juna ba, kowa da abin da take saurare. Muna nan har kwamfutar ta yi ƙara ta mutu, don yau kam an ɗauke wutar.

Lubna ta ce za ta yanko wurin ta sa min a waya. Daƙiƙa tara ne, in ji ta.

Fuskar dai babu. Ba za a samu ba har abada, kuma ni na yi.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan asuba

An kwana ana ruwa, na shuka ne wannan. Ina tsugune a madafa itace ya jiƙe yana ta min hayaƙi, ina zaginsa, sai na ji an ɗaga labulen ɗakin Dada. Na yi kamar ban ji ba. Ta yi gyaran murya.

"Gwamnati," ta ce, "yau ba a ba talakawa koko ne?"